Madubi Mai Kashin Ƙuda

Cagayan de Oro, 3 ga Mayu

Tatay, mahaifina,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya gonar abarba? A gaida gwaggona, Tiya Consing.

Na sa sunana a gasar harbin nesa ta watan Agusta, ajin sababbi, mita ɗari shida. Saura madubin bindiga. Mai shago ya nuna min biyu. Ɗaya zanen cikinsa gicciye ne kawai, irin naka. Ɗayan ɗigo-ɗigo ne har ƙasa, wanda kake kira kashin ƙuda. Ya dage in ɗauki mai ɗigon, wai da shi mai harbi ke ganin inda ya kuskure ya gyara da kansa. Na ce masa ni ina da uba. Shekara talatin kana kwanciya bayan mutane da madubin hange kana faɗa musu inda harsashi ya faɗa, sai a kaina za ka gaji? Ka ce gicciye kawai, in je in ɗauko.

'Yarka,
Vangie

Malaybalay, 19 ga Mayu

Vangie,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka, hanya ta lalace. Ki ɗauki mai ɗigon. Ki duba shi da rana, kar zanen ya yi siriri har ya ɓace a kan ciyawa. Ki koyi ƙirga ɗigon da kanki, hagu da dama. Shi ke nan.

Tatay

Cagayan de Oro, 24 ga Mayu

Tatay,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Kai da ka taɓa cewa mai sa wannan madubin ba shi da aboki a duniya? In ba ka son zuwa ka fito fili, ba na son kwana-kwana. Kuma wannan ba rubutunka ba ne, na Tiya ne, tun ina firamare na san hannunta. Na kira wayarka sau shida, ita ke ɗauka, kullum wai kana gona. Me kuke ɓoye min?

Vangie

Malaybalay, 8 ga Yuni

Vangie,

Consing ce ke rubutawa, ina faɗa mata. Ta ce in ban faɗa miki ba ita za ta faɗa.

Ciwon suga ya ci idon dama tun Janairu. Na hagu yana bin sa. Likita ya yi bayani mai tsawo, ban riƙe ba. A gasar Fabrairu na ce wa wani mai harbi, Dodong Abellana, harsashinsa ya faɗa hagu, alhali ban ga komai ba, ƙura ma ban gani ba. Ya gyara bisa maganata, ya zubar da sauran harbinsa duka. Da aka tashi har godiya ya yi min. Ban koma filin ba.

Ba na baƙin ciki. Ba na jin komai ma. Ina ci, ina barci, da safe in zauna a baranda. Abu ɗaya ne, ba zan yi miki abin da na yi wa Dodong ba.

Tatay

Cagayan de Oro, 15 ga Yuni

Tatay,

Na karanta. Na ɗauko mai ɗigon, tun jiya yana cikin kwalinsa ban buɗe ba. Ranar gasa zan zo da mota in ɗauke ka. Tiya ta shirya maka hula da maganinka.

Vangie

Malaybalay, 29 ga Yuni

Vangie,

To. Zan zauna a bayanki. In harsashi ya bugi farantin ƙarfen da ake harbi ina jin ƙararsa. In ba a ji komai ba, kar ki waiwayo.

Tatay