Sunan 'Yata da Tankokin Rasha

Iskandariya

Zuwa ga yayata Sawsan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Minya, yaya gwiwar Baba? Ni lafiya lau, sai nauyin ciki. Saura kaɗan, kuma likita ta tabbatar mace ce.

Kin tambaya ko Medhat yana kula da ni. Yana kula da tankokin Rasha. Kin san wasan yaƙin nan na kwamfuta da yake yi. To yanzu ba ma wasan yake ba. Shi da abokansa sun ce waɗanda suka ƙera wasan jahilai ne, sun raɗa wa rundunonin tankoki sunayen da babu su a tarihi, don haka su za su gyara. Shugabansu Wagdi ne, mai shagon magani, mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba, amma in yana maganar yaƙin Stalingrad sai ki rantse a can ya baro gashin kansa. Duk Juma'a suna nan, su cinye mini tukunyar koshari, shinkafa da taliya, su yi ta musu a kan lambobi.

Rannan Medhat ya riƙe hannuna, idonsa yana ƙyalli. Na ce a raina, yau dai abin da nake karantawa a littattafan soyayya ya zo gidana. Sai ya ce, "Kin san in runduna ta yi bajinta, Rashawa cire mata tsohon suna da lamba suke yi, su ba ta sabo, da laƙabin Masu Gadi?" Na ce, "Irin na ƙofar banki?" Bai yi dariya ba.

Damuwata sunan yarinyar ne. Ni Lujain nake so, tun kafin aure nake riƙe da shi a zuciya. Surukata Hajiya Fauziya ta kafe sai Nabawiya, sunan mahaifiyarta, sunan da ko a kasuwar kifi an daina jinsa. Na roƙi Medhat ya sa baki, ya ce, "Suna ai suna ne, Nesrin." Wannan fa shi ne ya daina gaisawa da abokinsa don ya kira ƙaramar runduna da sunan babba!

Ni da Hajiya mun tsaya a kan kyandir. Ranar suna za a kunna biyu, kowanne da sunansa, wanda ya fi daɗewa yana ci shi ya yi nasara. Na zaɓo wa Lujain mai kauri na ɓoye. Medhat ya rantse zai zauna gadinsu, don na san saurin hannun uwarsa. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe da Baba.

Ƙanwarki,
Nesrin

*

Yaya Sawsan,

Ina gaishe ki, ina fatan zazzaɓin da ya hana ki zuwa ya sauka. Na gode da 'yan kunnen, sun yi mata kyau. Tana lafiya, hancin Mama ta ɗauko.

Ga yadda aka yi. Da la'asar aka kunna kyandiran a falo, Medhat ya ja kujera ya zauna. Ina ɗaki da mata, ana ta ɗura mini mugat, kunun masu jego, ana buga turmi a kunnen jaririya. Na leƙa, na ga na Nabawiya ya narke saura ɗan guntu, nawa yana tsaye kamar amarya. Har na fara kiran sunan a raina.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Daga ɗaki nake jin muryar Wagdi: "Kai, janar! Ka zubar mana da mutunci a idon duniya!" Ashe da safe suka saki gyaran nasu, wani ɗan Rasha ya duba ya yi musu dariya. Medhat ya sa Runduna ta Ashirin da Huɗu a taswira, ya kuma sa Runduna ta Biyu ta Masu Gadi, mai laƙabin Tatsinskaya, a gefenta. Alhali runduna ɗaya ce, sabon suna aka ba ta. Abin da ya riƙe hannuna ya koya mini, shi ya manta. Wagdi ya ce in bai gyara nan take ba, zai goge sunansa daga aikin.

Yaya, ya tashi. Mai gadin ya bar gadi.

Da na fito, kyandir ɗina a mace, yana hayaƙi, rabinsa ko taɓuwa bai yi ba. Guntun Nabawiya yana ci. Hajiya tana tsaye kusa, tana goge yatsu biyu da gyalenta. Ta ce, "Iskar teku ce, 'yata. Allah ya zaɓa." Tagogi duk a rufe. Aka rangaɗa guɗa. Washegari ta raka ɗanta da kanta aka rubuta Nabawiya a takardar haihuwa.

Ya zo lallashi, ya ce tankokin sun gyaru, sunansa yana nan. Na ɗauki 'yata na ce, "Zo, Lujain." Tun ranar haka nake kiranta, maƙwabta sun kama, har mai kawo madara.

Jiya ya gyara murya ya ce, "Nesrin, mutum ɗaya da suna biyu a lokaci ɗaya, ai kuskure ne." Na ce, "Ka fi kowa sani, janar. Amma wannan taswirar tawa ce. Ka kira Wagdi ya zo ya gyara."

Da safe na ji shi a bakin gadonta, murya ƙasa-ƙasa don kada uwarsa ta ji, yana cewa Lujain. Ban juyo ba. Bajinta ɗaya ba ta isa a sake masa suna a wurina ba.

Ki gaishe da Baba da yara. Ki aiko mini da littattafan da na bari a akwatinki.

Ƙanwarki,
Maman Lujain