Na buɗa idon ragata, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba, ga labarin da na so a ce a bakin gulbi na ba ka shi.

Ka bar duniya kana tsokanata, wai ɗiyar masunci ta gudu Birnin Kebbi danna kwamfuta. To ashe sana'arka nake yi, ruwa ne kawai babu.

Ni ke kula da intanet a kwalejin da nake aiki. Ɗalibai suka cinye layin da kallon ƙwallo, shugaba ya ce in toshe, na toshe. Kwana biyu suka ɓullo da VPN, manhajar da ke naɗe ƙwallon ta sa masa rigar karatu, ya wuce ta gabana kamar mutumin kirki.

Sai na tuna ka a Argungu, tsaye cikin kwalekwale, kana duban ruwan da ni ban ga komai a cikinsa ba, kana faɗin tarwaɗa ce ko giwan ruwa. "Kihi na iya ɓoye jikinai, ɗiyata, amma ba shi ɓoye tahiyatai."

Haka na saita tawa ragar, wato matatar da ke tace saƙonnin intanet. Ba ta iya buɗe saƙo ta karanta, tafiyarsa take kallo. Mai karatu yana ɗauko shafi ya tsaya ya numfasa, mai ƙwallo kuwa kwarara yake ba tsayawa, duk daga gida ɗaya. In ta yi shakka, sai ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da kanta, ta ji yadda za a amsa sallama.

Na kama su tas. Kaina ya kumbura, na ƙara matse idon raga.

Ran nan Malama Ngozi, wadda babanta ke sayar da kayan babur a unguwar Gesse, Hausa a bakinta ta fi tawa, ta faɗo ofishina ido jawur. Saura minti goma ta kare digirinta na uku ta bidiyo a gaban malamanta na ƙasar waje, ta VPN ɗin jami'arsu. Nata saƙon ma kwarara yake ba tsayawa, ragata ta kama shi. In ta rasa ranar, sai baɗi.

Kunya ta rufe ni, Baba. Kai da ka ƙi raga mai ƙananan idanu har ka koma ga Allah, don kada ka haɗa da 'ya'yan kifi.

Ba lokacin tsince nata daga na ɗalibai, sai na buɗe duka. Rabin kwaleji ya sha ƙwallo ranar, ni na sha faɗan shugaba, ita kuwa ta fito Dakta tana rawa a baranda.

Tun daga nan na buɗa idon ragar. Wasu na sulalewa, ina ganin tafiyarsu sarai, nakan yi murmushi in kau da kai kamar yadda kake yi.

Ina kewarka ƙwarai. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ɗiyarka da ta gaji sana'ar su ba ta sani ba,
Hadiza