Rezar Mista Ackroyd

Tywyn, Maris 1983

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa. Ya asibiti, ya tsofaffin da kike wa wanka? Baba lafiya, sai tarin nan nasa.

Hankalina a tashe yake. A mujallar masoya shirin Matafiyin Shekaru na karanta cewa gidan talabijin sun goge kashi na ƙarshe tuntuni, sun ɗora wani abu a kan faifan. Ba hoto, ba murya. Wani Mista Ackroyd na Halifax yana roƙon duk wanda ya taɓa kanga makirfo a bakin talabijin ranar ya taimaka.

Yaya, zaren rikodan Mama ne suke nema, zaren ɗaukar murya da ta naɗi sautin shirin a kai ranar. Kashin da Matafiyi yake tura mutanensa gida ne, shi ya tsaya a shekarar annoba ya rufe ƙofar ratsa zamani a bayansu, don ciwon kada ya bi su. Kin san ba don shi nake saurara ba. A cikinsa ina jin kukana ina jaririya, Mama tana min waƙa ƙasa-ƙasa, tana ce wa Baba, "Huw, cokalin nan naka ya fi jirgin ƙasa ƙara!" Ke kin tuna ta. Ni wannan kaɗai na sani.

Mista Ackroyd ya ce asalin zaren yake so, kwafi yana rage sauti. Mutane da yawa ba su taɓa jin ƙarshen ba. In na ɓoye, me na zama?

Ƙanwarki,
Nerys

Cardiff

Nerys sarkin kuka,

Ina gaishe ki, ki gaida Baba, ki ce ya sha maganinsa ko in zo da allura.

Littattafan soyayyar nan sun gama da ke. Zare ne fa, ba saurayi ba ne zai tafi yaƙi. Ki aika, za su dawo da shi. Amma ki buɗe baki ki gaya wa mutumin abin da ke ciki. Na san ki, ko mai kawo madara ya gaishe ki sai ki ɓuya bayan labule.

Ni ma wani lokaci sai na yi ta ƙoƙarin tuno muryarta, ta ƙi zuwa. Kada ki gaya wa Baba.

Yayarki

Tywyn, Afrilu

Yaya,

Da fatan kina lafiya. Na aika. Na naɗe shi cikin rigar sanyin Mama, mai gidan waya har ya tambaya ko ƙwai ne.

Na rubuta wa Mista Ackroyd shafi guda a kan Mama, sai na karanta na ji kunya ta kama ni. Babban mutum ne, shugaban ƙungiyar masoya shirin, me zai yi da kukana? Na yaga. Na rubuta "ga shi, na gode" kawai. Kada ki yi min faɗa. Ai zai ji da kunnensa, ko? Duk mai zuciya zai gane.

Rikodan yana nan kan teburina, ba komai a kansa. Ba na iya kallonsa.

Nerys

Halifax, Mayu

Zuwa ga Malama Nerys Pugh,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina miƙa godiyar ƙungiya baki ɗaya. Da na ji muryar Matafiyi sai da na cire tabarau.

Za ki yi murna da aikin da na yi. Zaren cike yake da hayaniyar gida: jariri, cokula, wata mata mai yawan magana. Kamar yadda muke yi wa kowane zare, na bi shi da reza, na yanke duk wannan, na liƙe. Ba za ki ji wurin haɗin ba. Tarkacen sun bi shara.

Wuri ɗaya ya gagare ni. Daidai lokacin da Matafiyi yake faɗin kalmarsa ta ƙarshe, matar ta yi ihu, "Kada ka rufe, wawa! Ka bi su mana!" sannan ta fashe da kuka haɗe da dariya. Muryoyin sun hau juna. Na yanke shawarar cire wurin ranar Asabar, wani ɗan ƙungiya mai irin muryar zai maimaita kalmar.

Naki cikin hidima,
Desmond Ackroyd

Tywyn, Alhamis

Mista Ackroyd,

Ina gaisuwa. Yanzu wasiƙarka ta iso, ban sani ba ko wannan za ta riga Asabar.

Matar nan uwata ce. Sunanta Eirlys. Ta rasu ban fara tafiya ba.

Don Allah ka ajiye rezar.

Nerys Pugh