Gajeren Ƙarfe a Hagu

Abhur, daren Laraba, Shawwal 1430

Yau na kai kafilina, Balaraben da nake wa aiki, shagon kayan farauta. Bakan nan nasa yana rinjaya dama duk sanda ya ja, shi ne yake neman ƙarfen da ake ɗaurawa ta baya don ya daidaita. Mai shago ya miƙo masa mafi nauyi, wai a ɗaura a tsakiya.

Ni dai direba ne, kuma direban da na gada, bakinsa ne ya kore shi. Amma shekara uku na yi ina ga-ruwa a Maraɗi, na san yadda kaya ke rinjaya. Na ce wa kafilina, "Ya ammi, kwarin da ke jikin bakan ne ke jan sa dama. Ɗauki gajeren ƙarfen can, a karkata shi hagu."

Ya daɗe yana kallona. "Halas, ya isa, jira a mota."

Na jira, ina tunanin inda zan kwana in ya sallame ni.

Da la'asar ya harba kibiya shida a lambu, duk suka samu allo. Da ya ajiye bakan na leƙa: gajeren ne, a hagu. Makullin mota dai har yanzu yana aljihuna.