Ta Daɗe Tare da Mu

Safa, Jidda
Ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Na'ibi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran dangi na Gusau. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan da aka ce tana damun ka. Mu nan lafiyar jiki muke, matata Sajida na lafiya, 'yarmu Rabi'a ta koma makaranta. Inna kuwa ta bar gidana ranar Alhamis. Tana unguwar Kurayyat nan Jidda wurin ƙanwata Rahama, kuma ta aiko a ce mini in yi mata takardar fita ta dindindin, gida za ta koma. Ka san iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar nan, a ƙarƙashin sunana take, ba za ta fita ba sai na amince. Ban amince ba, ban kuma ƙi ba. Na rubuto ne don ka ji dalili daga bakin mai laifin.

Da aka yi hutun makaranta na ɗauke su mu huɗu a mota muka yi arewa, tafiyar kwana tara. Shekara talatin Inna tana ƙasar nan, ban da Jidda da Makka da Madina ba ta san ko'ina ba. Muka bi ta Yanbu muka hau garin Ula. Ita ce ta riƙe mu a hanya: ta taho da dambun nama da garin kunu da yajinta a gwangwanin madara, kowane gidan mai muka tsaya sai ta sauka ta duba ko masallacinsu na da ruwa. A Ula duwatsun jajaye ne, iska ta sassaƙe su, akwai wani da ya yi kama da giwa sak. Inna ta dube shi ta ce wa Sajida hancin ya yi gajere. Kufan mutanen Annabi Salihu kam ta ƙi shiga, ta ja mayafi ta rufe fuska har muka wuce, ta ce ba a yawon buɗe ido inda aka halaka mutane. Ban taɓa ganin ta cikin walwala kamar kwanakin nan ba, Kawu. Ina so ka san wannan kafin ka karanta sauran.

A rana ta shida muka shiga Wadi Disa, can wajen Tabuka. Kwazazzabo ne mai tsawo, dutse dama da hagu ya miƙe sama kamar ganuwa, ruwa na gudu a tsakiya cikin dabino da ciyawa mai tsayi. Muka shimfiɗa tabarma da azahar kusa da wasu mutanen Tabuka, wani malamin makaranta mai suna Raed da matarsa Ruba. Mutanen kirki ne, ba su yi nufin kome ba. Hira ta yi daɗi tsakanina da Raed. Ya ji aikina gyaran rubutu ne da fassara, ya yaba Larabcina, yana ta kira na ustaz. Inna kuwa tana gefe can da tsohon zanenta, ba takalmi, tana hura gawayi.

Ka fi ni sanin 'yar'uwarka. Ni ɗan fari ne, ba ta zama inda nake zaune, ba ta duban idona, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son wani abu sai ta ce wa Sajida ta ce wa wancan. Mu mun san sunan wannan abu, kunya ce, girma ne. Balarabe bai sani ba. Abin da Raed ya gani shi ne tsohuwa baƙa tana dafa shayi, ta kawo ta ajiye, kanta a sunkuye, ta koma. Sai ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko shaggala ce, wato 'yar aiki, domin su ma suna neman dattijuwa mai natsuwa irin wannan. Sajida ta kai Rabi'a bakin ruwa, ba ta nan. Inna ba za ta taɓa buɗe baki gaban baƙi ta ce ɗanta ne ni ba, ko da za a yanka ta. Ni kaɗai ne zan iya faɗa, kuma kalma ɗaya ce. Abin da na ce shi ne ta daɗe tare da mu.

Na yi ta juya wannan jimla. Babu ƙarya a cikinta, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Aikina ke nan, na san yadda ake gina magana ta zama gaskiya a baki, ta bar ƙarya a kunnen mai ji. Ba tsoro ba ne, ba kuma ruɗewa ba. Ustaz ɗin ne ya yi mini daɗi. Da aka gama cin abinci Ruba ta tattara kwanoninsu ta miƙa wa Inna da fara'a. Inna ta karɓa, ta je bakin ruwa ta wanke su tas, ina zaune ina kallo. Na manta, ko na ga dama na manta, cewa wadda ta sayar da gyaɗa shekaru a titunan unguwar Mahjar ta biya mini makaranta tana jin Larabci sarai.

Washegari mun gangaro garin Duba mun kama hanyar bakin teku, sai na ji daga bayan mota an ce Zaharadden, a tsaya a yi salla. Muryarta ce, a kwance, ba faɗa. Shekarata arba'in da ɗaya, ranar na fara jin sunana a bakinta. Rabi'a ta yi dariya don ba ta gane ba. Sajida ta juyo ta dube ni. Daga nan har Jidda, duk abin da take so da sunana take kira na, kamar yadda ake kiran mai gidan da ake wa aiki.

Na rubuta wa Raed na gaya masa mahaifiyata ce, kuma na ji tambayarsa sarai. Ya kira yana ta ba da haƙuri, ya ce Ruba ta yi kuka. Na je Kurayyat sau uku. Rahama ta ce Inna ta ce ba fushi take ba, ta dai daɗe tare da mu, ya isa haka. Ba na son in riƙe ta da takarda, in na yi haka na tabbata kafilinta ke nan, wato ubangidan da ke riƙe da takardunta, ba ɗanta ba. Ba na kuma son ta tafi a kan wannan. Kai kaɗai ka rage mata a ɗakinsu, maganarka take ji. Ba na roƙon ka wanke ni, ka kira ta a waya ka zage ni a wurinta yadda ya kamata. Roƙona ta bari in durƙusa in faɗa da bakina. In bayan nan ta ce gida, ni zan kawo ta Gusau da kaina.

Ka gaishe mini da Gwaggo Dela da Hussaini da Asma'u da yaranta. Sajida da Rabi'a suna gaisuwa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Zaharadden

Sajida ta ce mijin Rahama ya gaya mata Inna ta yarda ta jira kiranka kafin a yi maganar tikiti. Ban ji daga bakin Rahama ba tukuna.