Wa Zai Tashi da Sunan Gidan Malam Sa'idu?

Gummi, Jihar Zamfara.
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Mas'ud, a Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa mai kewa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Hamida da yaran, ya kuma sa karatun nan naka ya zo ƙarshe mu ma mu ga idonka. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Mu nan lafiya lau. Inna ta fita takaba Juma'ar da ta wuce, ƙafar ce dai take matsa mata. Cikin 'yan'uwanmu mata, Dija ta zo daga Nasarawar Burkullu ta yi mana kwana shida, Rashida kuwa ba ta samu tahowa daga Anka ba saboda halin hanya, ka san yadda ake ciki. Na zaɓi in rubuta in ɗauki hoton takardar in turo maka, don a waya ka fi ni baki. Kafin in haɗa magana ɗaya ka kawo uku, sai in ajiye ban faɗi abin da ya sa na kira ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Tsoffin ɗaliban Baba sun kafa kwamiti, Malam Mainasara da ke hedimasta a Bukkuyum shi ne shugaba. Za su yi taron addu'a da tunawa da shi a filin islamiyyar da ya kafa, nan da Asabar biyu. Sun ware minti goma ga mutum ɗaya ya yi magana da sunan gidanmu. Mainasara ya zo har zaure ya sanar da ni cewa kai suka zaɓa, za ka naɗo muryarka a waya su sa a lasifika. Ni kuma wai sun ba ni babban aiki: in kawo shinkafar da za a dafa wa baƙi, in kula da jera benci. Na ce masa to, Allah ya kai mu. 

Ba zan ɓoye maka ba, Mas'ud, kishi nake ji. Ban ce hassada ba, Allah ya tsare ni, amma kishi ne, kuma ba yau ya fara ba. Ka tuna ina aji biyu na sakandare aka yi wa Baba canjin aiki zuwa Anka, a daminar da Kawu Bello mai kula mana da gona ya rasu. Baba ya ce in riƙe fadama shekara ɗaya kafin a samu wani. Yau shekarar nan ɗaya ta kai ashirin da shida. Ni na yi dashe, ni na yi ban ruwa, ni na yi ta faɗa da tsuntsayen jan-baki, shi kuma ya samu sukunin koyar da ɗiyan mutane, safe a firamare, yamma a zaure, ga limancin unguwa. Kai da ka zo bayana ka tarar da rumbu cike, aka ce maka je ka yi karatu, ka kuwa yi, Allah ya ƙara.

A kwanakin zaman makoki na fi shan wuya. Kowa ya shigo da labarinsa. Makau, wanda yanzu likitan dabbobi ne, ya ce sau uku Baba yana bin sa har ruga a kan keke kafin mahaifinsa ya yarda ya bar shi ya yi boko. Hajiya Uwani ungozoma ta ce da hannunsa ya ɗinke mata jakar littattafai ranar da ta yage, don kada a yi mata dariya. Mainasara kuwa cewa ya yi bai taɓa ganin mai barkwanci irin Malam ba, har yana kwaikwayon yadda yake tsokanar masu gyangyaɗi a aji, mutane na share hawaye suna dariya. Ni ina gefe ina raba ruwa, ina tambayar kaina ko uban nawa ake nufi. Abin da na fi ji daga bakinsa shi ne ko an gyara injin ban ruwa, ko an kori tsuntsaye. Su suka samu dariyarsa, kai ka samu addu'arsa da sunanka bayan kowace salla, ni na samu aike.

Kada ka ɗauka ina zarginsa. Mutum ne da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba, kuma ko da idanunsa suka tafi bai yarda sallar jam'i ta wuce shi ba, ni nake riƙe masa hannu zuwa masallaci. Ina son sa fiye da duk waɗannan masu labarai. Shi ya sa abin yake ci na.

Amma ni ma ina da nawa labarin guda ɗaya, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara, ana gab da yankan shinkafa, da safe ya ce in ɗauke shi a babur in kai shi fadama. Na ce me zai gani, ya ce ai ba kallo zai je ba. Da muka isa ya cire takalmansa, ya sa na zaunar da shi a bakin kunyar gona, ya ce in sa masa zangarniya a hannu. Ya daɗe yana shafa ta. Sai ya ce shekara da shekaru yana cin shinkafar nan, bai san yadda ake gane ta nuna ba, in koya masa. Na ɗauka wasa yake. Na nuna masa yadda ake matsa ƙwaya a ji ko da sauran ruwa, da yadda ake cizawa a ji ta yi ƙas. Ya gwada ya kuskure, na gyara masa, ya sake. Ya yi ta tambaya kamar yaron da aka kawo aji ranar farko, har rana ta yi zafi. Da za mu tashi ya riƙe wuyan hannuna, ya ce duk ɗalibin da ya taɓa zama gabansa da tuwona ya zauna, kuma ya san abin da ya ɗauke mini, in yafe masa. Ni kuwa na tada babur kawai. Har ya rasu ban ce masa na yafe ba, kunya ta hana ni.

To wannan nake so in faɗa a gaban mutanen nan. Ba ni da Larabcinka, ba ni da Turancin Mainasara, ƙila ma muryata ta yi rawa. Amma ina so in tashi da ƙafafuna su ji cewa Malaminsu ya taɓa ɗaukar karatu a wurina, kuma in furta yafewar nan a bainar jama'a tunda ban furta masa ba. Ina roƙonka don Allah, ka kira Mainasara kafin Juma'a ka ce ka bar wa yayanka. In daga bakina ya fito za a ce son kai ne, in daga naka ne ba mai musu. Ka sha yin magana a manyan ɗakunan taro, za ka kuma yi wasu. Ni wannan ce kaɗai tawa. Shinkafar zan kawo, benci ma zan jera, ba su na ƙi ba.

Ka gaida mini Hamida sosai, ka shafa kan Abdulwahabu da Nusaiba. Dija ta bar maka gaisuwa, maiɗakina da yara duk suna gaishe ka. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka. Na karanta mata takardar nan kafin in rufe. Ɗazu na shiga ɗakinta na same ta da farar babbar rigar Baba ta Juma'a a kan cinya, ta ɗauko allura tana rage mata tsawo. Ka san kai ka ɗauko tsawonsa, ni ban kai ba.

Ina sauraronka.

Naka, yayanka,
Halliru Sa'idu Gummi.