Ni na ɗaure bututun, Sale aka kai gaban alƙali

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni dai duk ƙasar Daura babu mai ɗauri irina. Shekara ashirin ina fataucin raguna, ragon da na ɗaure a Kongolam ko aljani ne sai a Kano zai motsa. To da azumin bana bututun da ke kawo ruwa gidana ya tsage a daidai kwana, gindin katangar maƙwabcina. Na kira mai gyaran famfon unguwarmu, bari in ce masa Sale. Ya tona ya duba ya ce, "Alhaji, sai an sa sabon elbo da soket, wato robar kwana da ta haɗi, a shafa gam. Gobe zan zo da su." Gobe? Da bakin azumi iyalina su wuni ba ruwa saboda 'yar roba mai kamar gwiwar kaza? Yana juya baya na hura wuta, na gasa guntun bututu na lanƙwasa, na zura, na yanko robar tayar babur na ɗaɗɗaure tamau, na mayar da ƙasa. Washegari na ce masa ya bari, ruwa ya gyaru.

Ashe wata biyu ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashi. Katangar ta ƙasa ce, ta jiƙa ta zube a kan rumbun geron maƙwabcina. Maƙwabcin kuwa, da yake Sale ya gani yana tono a wurin, sai ya kai shi gaban alƙali. Yanzu ko famfon alwala ba mai kiran Sale ya gyara, ga shi da 'ya'ya biyar. Ni aka sa shaida, ran Litinin za a ɗora mini Alƙur'ani.

Ni fa ban taɓa cewa Sale ne ba, shiru na yi. Kunya ina jin ta, amma ɗaurina bai kwance ba, bututun ne ya gaza! Kuma wa ya ce a jingina rumbu da katangar ƙasa? Rantsuwar ƙarya dai ba zan yi ba, in kuma na fasa ƙwai na zama abin dariya a kasuwar dabbobi har in mutu. Me zan yi?

Ku hanzarta, domin jiya aka tono wurin a gaban jama'a. Sale ya ɗaga bututun, ya jujjuya ƙullin, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ban san wanda ya yi ba, amma rago ya zaci ya kama."